Juyen baƙin mai: kilomita nawa, wata nawa, kuma wane mai?

Direban haya, layin Kano zuwa Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar juye nake so mu baje a faifai, don a tasha kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce duk wata uku, wani ya ce sai mai ya yi baƙi ƙirin, wani kuma ya ce in dai sintetik ka zuba, wato man da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, ka manta da shi har kilomita 15,000. Ga lissafi: Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Motar da ke yin sawu ɗaya kullum za ta cinye 5,000 cikin kwana 11. Ita da motar ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo gida ai ba a ɗora su a sikeli ɗaya. Masana, a warware mana.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Oga direba. Abu biyu ake dubawa, kilomita da watanni, duk wanda ya riga cika shi ake bi. Mai na gama-gari, wanda ake ce wa mineral, kilomita 5,000 ko wata shida. Sintetik na gaske da filta mai kyau zai iya kai 8,000, har 10,000 in tafiyar doguwa ce a kan kwalta kuma injin lafiyarsa ƙalau. Maganar 15,000 an rubuta ta ne don ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba.

Launi kuma ba ma'auni ba ne. Mai mai kyau dole ya yi baƙi, domin aikinsa ke nan, ya kwaso dattin ƙuna ya riƙe a jikinsa har ranar juye. Injin dizal ma kana zuba sabo, kafin kwana biyu ya koma baƙi. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne man da ya yi kilomita 4,000 a tsohon injin fetur amma yana nan garau kamar man gyaɗa. Wannan ba ya wanke komai, dattin yana can manne a jikin ƙarfe.

Injiniyan motoci, Zariya:
Malam bakanike ya yi daidai. Bari in ƙara dalilin, don wanda ya san dalili ba ya wasa da lokaci.

Abin da ke cikin galan ba mai zalla ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar sinadarai ne da aka haɗa: mai wanke datti, mai hana dattin dunƙulewa, mai kashe tsamin da ƙunar fetur ke haifarwa, mai ɗauke da zinki wanda ke shimfiɗa kariya inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, da wanda ke hana man tsinkewa in ya yi zafi. Waɗannan su ke ƙarewa. Man yana nan a ido, amma abin da ke aikin ya tafi.

Sai zafi. A cikin inji mai yakan zauna tsakanin digiri 90 zuwa 110. Masu ilimin sinadarai suna da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 10, saurin lalacewar mai yakan kusan ninkawa. Ku auna motar da ke tsaye a cunkoso a watan Afrilu, da rana tsaka, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Injin na juyawa, man na dahuwa, amma agogon kilomita bai motsa ba. Kamfanin Ford, a littafin motocinsa na 'yan sanda, ya lissafa awa ɗaya ta inji a kunne a tsaye daidai da tafiyar kusan kilomita 50.

Abin da zai ba mutane mamaki: motar Oga direba da ke kan babban titi kullum ta fi motar ma'aikacin nan sauƙi a kan mai. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, amma kaɗan yakan sulale ta gefen ringi ya sauka cikin mai. In tafiyar minti goma ce, injin bai yi zafin da zai ƙone wannan ruwan ba, sai ya haɗu da datti ya zama wani kunu mai danƙo. Shi ya sa mai ƙaramar tafiya a cikin gari ya riƙe wata shida ko da bai yi kilomita 2,000 ba.

Direban haya, layin Kano zuwa Kaduna:
Injiniya, to ke nan mu masu doguwar hanya za mu iya ja har 8,000?

Injiniyan motoci, Zariya:
Da sharaɗi uku, Oga: man sintetik ne na asali, injin ba ya shan mai, kuma ana duba geji, wato sandar auna mai, duk safiya kafin lodi. In ana lodi fiye da kima, ko hanyar akwai burji da ƙura, a dawo 5,000 zuwa 6,000.

Kuma a duba agogon motar da kyau. Wadda aka shigo da ita daga Amurka mil take ƙirgawa. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Mutum zai rubuta 5,000 a takarda yana zaton kilomita ne, alhali ya wuce da 3,000. Mai agogon mil da ke zuba mineral ya yi juye a mil 3,000.

Tsohon bakanike, Jos:
'Ya'yana, duk na ji, amma ba ku taɓo kaurin mai ba. Ƙasarmu ƙasar zafi ce. Wannan 5W-20 da 0W-20 da ke kama da ruwa, don masu dusar ƙanƙara aka yi shi. A nan 20W-50 shi ne mai. Shi aka zuba wa Fijo 504 da 505 shekara da shekaru, suka yi ta aiki har jiki ya ruɓe inji bai mutu ba.

Malamar koyar da gyaran mota, Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma. A kan 504 da 505 babu mai ja da kai, 20W-50 nasu ne. Amma injin Corolla ta 2005 ko Accord ta 2007 wani gini ne daban.

Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu in yana da sanyi, wato lokacin tayar da mota. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. To injin da ke da lafiya, a Kano yake ko a Jamus, zafin aikinsa kusan ɗaya ne, domin tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwan inji har ya yi zafi) da lagireto ne ke tsayar da shi, ba iskar waje ba. Bambancin yana wajen ratar da ke tsakanin ƙarafa. A injinan yanzu ratar da ke tsakanin karanshaf da metal, wato faifan ƙarfen da yake juyawa a kai, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ga kuma tsarin VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda, masu sarrafa buɗewar bawul, waɗanda da matsin mai suke aiki, ta wasu ƙananan ramuka masu 'yar raga a baki. Mai mai kauri yana jinkirin isa can da safe, kuma lokacin tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Alamarsa ita ce ƙarar sarƙar taimin na daƙiƙa biyu ko uku in an tayar, sai wutar inji ta kama a gaban direba, sai shan fetur ya ƙaru.

Abin da za a bi yana rubuce a murfin zuba mai ko a littafin motar. Corolla 2003 zuwa 2008, 5W-30. Accord mai inji 2.4 ta 2003 zuwa 2007 da aka kawo daga Amurka, 5W-20. Camry mai inji 2.5 daga 2010, 0W-20.

Tsohon bakanike, Jos:
'Yata, na karɓi bayaninki a kan sabon inji. Amma motocin da ke hannun talaka sun yi kilomita 250,000 kafin su iso. Ratar da kike faɗi ta riga ta buɗe. Ki zuba wa irin wannan 0W-20, ki ga hayaƙi, ki ga geji na sauka duk sati.

Malamar koyar da gyaran mota, Kaduna:
Wannan gaskiya ne, Baba, shi ya sa ake hawa mataki ɗaya. Wadda aka rubuta wa 5W-20 a ba ta 5W-30. Wadda aka rubuta wa 5W-30 kuma ta fara shan mai, a gwada 5W-40 ko 10W-40. Tsalle daga 20 zuwa 50 ne nake jin tsoro. Kuma kauri ba ya gyara ringi, ɓoye ciwon kawai yake yi. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan mai saboda ringin da ke share mai yakan toshe, Toyota da kanta ta fitar da sanarwar gyara a kan haka. Mai irin wannan motar ya riƙa duba geji duk kilomita 1,000 yana cikawa, har ya samu halin sauya fistan da ringi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Tun da Malama ta ambaci tamostat, bari in tsaya a nan, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mota na isowa, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai don zafi. Tamostat ɗin Toyota yakan buɗe a wajen digiri 82. In an cire shi injin ba ya kaiwa zafinsa, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara tukunyar mai. Ka zaro geji ka sansana, za ka ji warin fetur, man ya tsinke, wani lokaci ma ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu. Irin wannan motar ko man zinariya ka zuba mata ba zai kai lokacinsa ba. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa da murfin lagireto. A bar tamostat a wurinsa.

Mai shagon mai da filta, Panteka:
Oga, a taɓo filta, don a nan ake yi wa kai sakiyar da ba ruwa. Mutum zai sayi galan mai tsada, sannan ya ce a bar tsohuwar filta, ko a kawo mafi arha.

Filta ba gwangwani da takarda kawai ba ce. A ciki akwai bawul biyu. Ɗaya na roba ne, yana hana man komawa ƙasa in an kashe mota, don da safe ya isa sama da wuri. Ɗayan kuma ƙofar gaggawa ce: in takardar ta toshe, sai ya buɗe man ya wuce ba tacewa, don kada injin ya bushe. Ma'ana tsohuwar filta ba za ta kunna maka wata wuta ba, datti kawai za ta riƙa sakarwa kan metal kana tafe ba ka sani ba. Ga kuma tsohon man da ke cikinta zai gauraya da sabo. Duk juye, sabuwar filta.

Game da gane mai, a duba bayan galan. Ana rubuta API, wato matakin ingancin mai, da haruffa biyu. Na fetur da S yake farawa: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho, wato motar da ke son SL za ta sha SN lafiya, amma wadda ke son SN kada a ba ta SL. Na dizal da C yake farawa, kamar CH-4 da CI-4. A duba hatimin murfi bai karye ba, a duba lambar kamfani da ranar haɗawa, wanda aka yi a Najeriya kuma a nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba suna ba lamba, yawanci ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran da Injiniya ya lissafa ba, wani ma tsoho ne aka tace. Kuma in an gama juye, mai mota ya huda galan ɗin kafin ya bar shi, don da galan na asali ake cika jabu.

Direban haya, layin Kano zuwa Kaduna:
Alhaji mai shago, wannan ta huda galan ta shiga. Oga bakanike, a faɗa mana yadda juyen kansa ya kamata ya kasance, don mai mota ya tsaya a kai ya san abin da yake kallo.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
A fara da inji mai ɗumi. In daga tafiya aka zo a bar shi ya huce kamar minti 15, in a sanyi yake a kunna shi minti 5 zuwa 10. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da dattin. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a kan rami ko a kan ƙafafun ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

A buɗe murfin sama, a kwance notin ƙasa. Na yawancin Toyota sifana 14 ne, na Honda 17. A bar shi ya tsiyaye minti 10 zuwa 15, har ya koma ɗigo. A leƙa cikin tasar: in ka ga ƙyalli kamar garin azurfa ko jan ƙarfe, metal ya fara ci, a bincika kafin a ci gaba da hawa. Washar notin ta alminiyom ce, sau ɗaya take aiki, a sa sabuwa. A ɗaure da hannu tukuna, sannan sifana, ƙarfinsa wajen Nm 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ba a sa bututu a kan sifana a taka da ƙafa. Haka ake cinye zaren tukunya, daga nan sai ɗigo, sai a koma naɗa leda da gam.

Wajen filta akwai kuskure ɗaya da ke kashe inji cikin minti kaɗan: robar tsohuwar ta manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kanta. Roba biyu ba sa riƙe matsi, kana hawa titi man zai fashe ya zube. A shafa wurin da yatsa a tabbatar babu komai. A shafa sabon mai a robar sabuwar, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Motocin da filtarsu takarda ce zalla a cikin gida, kamar Camry 2.5, a sauya robobin da suka zo a kwalin.

Sai zubawa. Accord 2.4 lita 4.2 take sha da filta. Camry 2.4 ta 2007 lita 4.3, Camry 2.5 lita 4.4. Corolla 1.8 tsakanin 3.7 da 4.2, gwargwadon shekara. A zuba ƙasa da haka kaɗan, a tayar, wutar mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a jira minti biyar, a goge geji a auna, a cika. A rubuta kilomita da kwanan wata a manna a jikin ƙofa.

Malamar koyar da gyaran mota, Kaduna:
Oga, a jaddada maganar yawa. Mutum ya sayi galan mai lita 5, sai ya ce a juye duka kada a yi asara. In mai ya haura alamar sama sosai, karanshaf na dukansa yana kaɗa shi kamar ana kaɗa nono, ya yi kumfa. Famfo ya ja kumfa, metal ya samu iska maimakon mai. Ga matsi a kan sil, ga mai na bi ta bututun numfashin inji yana ƙonewa, yana toshe katalis, mai tace hayaƙi a salansa. Ragowar a ajiye a but don ciko. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a geji kusan lita ɗaya ce, a wasu motocin har ɗaya da rabi.

Ita kuma jar wutar nan mai siffar buta ba yawan mai take aunawa ba, matsi take aunawa, kuma sai ya faɗi ƙasa warwas take kamawa. In ta kama kana tafe, ka sauka gefe ka kashe nan take. Kilomita biyu da ita a kunne sun isa inji ya buga.

Injiniyan motoci, Zariya:
Ga yadda bugawar ke faruwa in an yi sakaci da juye. Kunun dattin nan yana taruwa ya bushe kamar kwalta. A bakin famfon mai, can cikin tukunya, akwai raga. Ita ke fara toshewa. Mai ya ragu a sama, kam ya fara ƙara, sannan metal na kwanrod ya bushe, ya yi zafi, ya narke ya manne ko ya juya a mazauninsa. Ƙarar da ake ji ƙwas ƙwas ƙwas tana bin totur, ita ce. Injinan Toyota 2.2 da 3.0 V6 na 1997 zuwa 2002, na Camry da Sienna, sun yi suna da tara wannan kunu, masu su kada su wuce 5,000.

In an buɗe murfi an ga ya riga ya taru, kada a zuba kananzir ko dizal a kunna inji wai wanki. Zai ɓamɓaro dattin gaba ɗaya ya kai shi kan ragar. A sauke tukunyar a wanke ta da ragar da hannu, a wanke murfin sama, sannan a yi juye biyu ko uku a jere duk kilomita 1,500 zuwa 2,000 da sabuwar filta.

Mai da ya koma kalar shayi da madara kuwa ruwan lagireto ne ya shiga, yawanci gasket ɗin sama ya ƙone. Juye ba zai magance shi ba.

Mai gyaran babur da adaidaita, Katsina:
Manya, a ba mu wuri mu ma. Babur irin Boxer kusan lita ɗaya yake sha, kuma man ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, ga shi iska ce ke sanyaya injin. Don haka ba ya jure abin da mota ke jurewa. Ɗan acaɓa da mai adaidaita su riƙa juye tsakanin kilomita 1,500 da 2,000. A nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2. Man mota na zamani yana da sinadarin ƙara santsi, in ya shiga kulocin babur sai ya riƙa zamewa, ka ja totur inji na ihu babur ba ya gaba. A nan kam 20W-50 ɗin Baba yana da gida.

Tsohon bakanike, Jos:
Madalla, ɗana. To ku ƙara da iyakilina, wato filtar iska. In hunturu ya shigo, ƙurar da ta tsallake ta, cikin silinda take shiga, ta ci ringi, ta sauka cikin mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Duk juye a ciro ta a ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsa ta, ko ta yage a gefe, a sauya. Masu hura mata iska mai ƙarfi suna huda takardar ne ba su sani ba.

Direban haya, layin Kano zuwa Kaduna:
Baba, an gode. Saura tambaya ɗaya, Injiniya. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 da yawa sun mayar da mota kan iskar gas ta CNG. Suna cewa man ba ya baƙi, don haka sun ninka lokacin juye.

Injiniyan motoci, Zariya:
Ba ya baƙi saboda iskar gas ba ta fitar da toka kamar fetur, amma zafi na nan yana cin sinadaran, tsami na taruwa, man na yin kauri. Ido ba zai gani ba. Su tsaya a kilomitan da suke yi da, su ƙara da duba ratar bawul a injinan da ake saita su da hannu, domin busasshiyar ƙuna tana cin mazaunin bawul.

Mai shagon mai da filta, Panteka:
Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar a kwata ko a ƙasa kusa da rijiya, kaɗan daga cikinsa na ɓata ruwa mai yawan gaske. Kada a shafa wa dabba a kan ƙaska ko miki, kuma yaran gareji su daina wanke hannu da fetur bayan sun dama shi, sabulu da ruwa ya fi, don yawan zamansa a fata yana da illa. A tara shi a jarka mai murfi, akwai masu zuwa saye.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Oga direba, a taka motar da ke yin 460 kullum, in mineral kake zubawa juyenka duk kwana 11 ne, in sintetik ne duk kwana 17 zuwa 18. Ka sayi filta uku ko huɗu da washa ka ajiye a mota, don ranar da lokaci ya cika a Kaduna kada ka ce sai ka dawo Kano.